Tara wa ƙungiya kuɗi sana'a ce, ko maula ce kamar yadda Baba ya ce?

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Tudun Wadan Zariya ce, shekarata 26. Na karanta ilimin zamantakewa a Jami'ar Ahmadu Bello, na gama bautar ƙasa bara. Tun ina makaranta nake taimaka wa wata ƙaramar ƙungiyar unguwarmu da ke biya wa marayu kuɗin makaranta da kai marasa lafiya asibiti. Ni ce mai rubuta sanarwa a WhatsApp da Facebook, kuma Allah Ya sa mutane na amsa mini. A azumin da ya wuce na tara abin da ya haura naira miliyan 2, ta akawun ɗina aka turo don ƙungiyar ba ta da nata. Yanzu shugabanmu ya ce in riƙe aikin gaba ɗaya, babu albashi, amma in riƙa cire kashi 10 cikin 100 na duk abin da na samo. Raina na son aikin, ina so ya zama sana'ata. Sai dai Baba ya ce bai kashe kuɗi na yi digiri don in zama 'yar maula ba. Ƙawayena kuma sun ce tun da Amurka ta janye tallafi aikin ƙungiyoyi ya mutu. Ga shi wata makarantar kuɗi a Samaru ta ce in zo in koyar. Me zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Sana'a ce, kuma akwai masu cin abinci da ita cikin mutunci a Kaduna da Kano da Abuja. Amma ba a kan tsarin da shugabanku ya shimfiɗa miki ake gina ta ba. Zan zo kan maganar Baba, zan zo kan ta Amurka, sai dai akwai abin da ya fi su gaggawa, wanda kika faɗa a gefen magana kika wuce: kuɗin nan ta akawun ɗinki suke shiga.

Ki tsayar da wannan tun yau. Ban ɗauke ki maciyiyar amana ba, wadda ta yi niyyar ci ba ta rubuto wasiƙa tana neman shawara. Amma dubi inda kika ajiye kanki. Kuɗin marayu sun cakuɗe da kuɗin katin wayarki da na ɗinkinki a wuri guda. Ranar da wani ya ce ya turo dubu 50 ke kuma dubu 5 kika gani, wa zai raba ku? Ranar da kika sauya waya ko kika ɗinka sabuwar atamfa, ko da guminki ne, sai an sami mai cewa kuɗin marayu ne, kuma kin san magana ba ta kwana a gida ɗaya. Banki ma kan iya rufe akawun ɗin da ya ga kuɗi na kwarara cikinsa daga mutane barkatai har sai an yi masa bayani. Sannan ga wadda ba a son faɗa: in ta Allah ta kasance a kanki, duk abin da ke cikin akawun mai sunanki dukiyarki ce a idon banki, gado za a raba. Wa zai tsaya ya ware na marayu?

Ƙungiyar da ta kai ga tara miliyan 2 a wata guda ta wuce taron abokai. Ku yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, a matsayin ƙungiya mai amintattu. Dokar kamfanoni ta 2020 ta tsara yadda ake yi: ku zaɓi amintattu, ku rubuta tsarin mulki, a buga sanarwa a jaridu, a jira kwana 28 ko akwai mai ja. Daga nan ku karɓi lambar haraji da takardar SCUML, sashen nan da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram, domin bankuna kan nemi ganinta kafin su buɗe wa ƙungiya akawun. Ku sa ya zama sai da sa hannun mutum biyu kuɗi ke fita, kuma kada ki zama ɗaya daga cikinsu. Mai nemo kuɗi daban, mai riƙe su daban, mai ba da izinin kashewa daban. Kafin rajistar ta kammala, in mara lafiya ne a biya kai tsaye a asibiti a karɓo rasit, in kuɗin makaranta ne a zuba a akawun makarantar.

Miliyan 2 ɗin azumi kuwa, ki je banki ki karɓo takardar shige da ficen kuɗi ta watannin, ki zauna ki jera abin da ya shigo da abin da ya fita, ki liƙa kowane rasit a gefensa. Inda babu rasit ki rubuta babu, tare da sunan wanda ya karɓa. Dattawan ƙungiya biyu su duba su sa hannu, sannan ki tura wa duk wanda ya bayar taƙaitaccen bayani. Zai ci miki kwanaki kuma ba mai biyan ki. Amma duk ranar da kika zauna gaban masu ɗaukar aiki, takardar nan za ta yi miki magana fiye da digirinki. Masu digiri suna da yawa. Waɗanda suka taɓa komawa wurin mai bayarwa da lissafi ba tare da ya nema ba, su ne ake nema da fitila.

To, sai kashi 10 cikin 100. Kada ki karɓa. A kunne abin kamar adalci ne: wanda ya yi da yawa ya samu da yawa, ƙungiya kuma ba ta ɗauki nauyin albashin da ba ta da shi ba. Amma sa kanki a matsayin hajiyar da ta turo dubu 100 don a yi wa yaro aiki a asibitin koyarwa na Shika. Ta san dubu 10 aljihunki za su shiga? In ba ta sani ba, an ɓoye mata abin da wataƙila da ta sani da ba ta bayar ba. In kuma kin gaya mata, daga ranar duk sanarwar da kika turo mata talla za ta ɗauke ta. La'ada tana sauya mai aikin ma a hankali, ko da mutumin kirki ne. Za ki fara fifita larurar da ke sa hawaye a kan wadda ta fi tsanani, ki fara matsa wa mutum ya bayar yau ko da gobe zai guje ki, ki daina ba godiya da rahoto lokaci tunda ba su da kashi 10. Kuma ba ke kaɗai kika samo kuɗin ba. Abin da kika girbe a azumi shukar mutanen da suka yi shekaru suna ɗaukar marasa lafiya zuwa asibiti ce, har unguwa ta yarda da sunan ƙungiyar. Saboda irin waɗannan dalilai ne babbar ƙungiyar masu wannan sana'a ta Amurka, AFP, ta hana mambobinta karɓar kaso daga abin da suka tara, kuma galibin gidauniyoyi ba sa yarda a cire wa wanda ya rubuta takardar neman tallafi la'ada daga cikin tallafin.

Ban ce ki yi aikin kyauta har abada ba. Raina na ɓaci in na ji ana ce wa matasa aikin Allah ba a karɓar albashi a kansa, alhali mai faɗar yana da nasa albashin a wani wuri. Aya ta 60 a Suratut Tauba, da ta lissafa kashi 8 na waɗanda ake ba zakka, ta sa ma'aikatan da ke tattara ta a ciki. Tun can an san tara dukiyar jama'a aiki ne da ake biya. Amma shugaba ne ke yanka wa ma'aikaci gwargwadon wahalarsa, ba shi ke sa hannu ya ɗiba ba. Ko wannan kason ya shafi ma'aikacin ƙungiyar da ba hukuma ce ta naɗa shi ba, magana ce ta malamai, Zariya kuwa ba ta rasa su ba, ki kai musu. Abin da ke hannunki shi ne ki nemi amintattu su yanka miki alawus sananne na wata-wata, ko kaɗan ne, a rubuta shi cikin kasafi, a riƙa faɗa wa masu bayarwa a fili cewa kaza daga abin da ke shigowa na tafiyar da ƙungiya ne: mai, data, takardu, alawus. Gidauniyoyi da yawa sun yarda da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 don irin wannan hidimar. A nan ƙungiya ce ke karɓa, an rubuta, an sanar, kuma abin da za ki samu ba ya hawa da sauka da yawan hawayen da kika jawo.

Ki riƙe labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aike shi karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka yi mini. Annabi ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan mahaifinsa da mahaifiyarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Za ki gamu da wannan da wuri. Alhaji zai ba ƙungiya dubu 500, ya ƙara miki dubu 20 ya ce ki sha ruwa. Mai sayar muku da shinkafar ciyarwa zai ce ga naki. Na farko ki kai wa ma'aji a rubuta, na biyu ki mayar masa ki ce ya rage daga farashin.

Maganar Baba kuwa, kada ki yi musu da shi, abin da idonsa ya gani yake faɗa. Ya ga masu yawo ofis-ofis da takarda mai hatimi da hoton masallacin da shekara da shekaru bai kai linta ba. Ya ga taron ƙaddamar da asusu inda ake tarbar babban baƙo da kirari, a yi shelar miliyoyi a lasifika, a watse, ba a sake jin labarin kuɗin ba, wani lokacin ma alƙawarin bai taɓa zama kuɗi ba. In wannan ne aikin, gaskiyarsa. Ɗan maula kansa yake nema wa, da yabo yake nema, kuma da ya karɓa magana ta ƙare. Ke wasu kike nema wa, da hujja, kuma sai bayan kin karɓa ne aikinki ke farawa.

Akwai hadisin Jariru ɗan Abdullahi a Sahihu Muslim da zan so ki karanta kafin ki zauna da shi. Wasu mutane daga ƙabilar Mudar suka iso Madina ba takalmi, ba suturar kirki. Fuskar Annabi ta sauya don talaucin da ya gani a jikinsu. Ya sa Bilal ya kira salla, ya yi salla, sannan ya yi wa jama'a huɗuba a kan su bayar, daga dinari da dirhami da tufa da alkama har zuwa tsagin dabino. Wani mutumin Madina ya kawo jakar da hannunsa ya kusa kasa ɗauka, jama'a suka biyo baya har aka yi tsibi biyu na abinci da tufafi. Tsayawa gaban masu shi a nema wa marasa shi ba abin kunya ba ne, tunda mafificin halitta ya yi.

Sai dai ina jin tsoron Baba bai tsaya a kan sunan sana'ar ba. 'Ya mace gare shi, budurwa, kuma ya san ƙofar wasu masu kuɗi da 'yan siyasa ba kowa ke fitowa daga cikinta yadda ya shiga ba. A nan ma yana da gaskiya, ni ma zan ƙara masa. Ba kya zuwa wurin kowa ke kaɗai. Ba kya zuwa gida ko otal, sai ofis ko shago, da rana, da wasiƙar ƙungiya, tare da dattijo ko dattijuwa daga amintattu. Wanda ya ce sai kin zo da kanki da daddare zai bayar, ku bar masa kuɗinsa. Ɗan takarar da ke son a raba buhu da hotonsa a jiki a kakar zaɓe kuwa, amintattu su yi wa irinsa ƙa'ida tun kafin ya zo, don ranar da aka fara kallon ƙungiya a matsayin ta jam'iyya, magoya bayan ɗaya ɓangaren sun janye hannu ke nan. Ki faɗa wa Baba waɗannan sharuɗɗa da bakinki kafin ya gindaya miki su. Ki kai masa lissafin azumin nan ya karanta da kansa. In da hali, ki roƙi wani da yake jin nauyinsa, kawunki ko limamin unguwa, ya shiga cikin amintattun, yadda zai san akwai idonsa a wurin.

Ƙawayenki ba su yi ƙarya ba, rabi dai suka faɗa. Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Trump ya dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje. A watan Maris gwamnatinsa ta ce ta soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen USAID, hukumarsu ta ba da tallafi, ranar 1 ga Yuli kuma hukumar ta daina aiki, aka mayar da abin da ya rage ƙarƙashin ma'aikatar harkokin wajensu. Birtaniya ma a Fabrairun 2025 ta sanar da rage nata daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasarta zuwa 2027. Mutane da dama a Arewa sun rasa aiki, masu iyali, masu gwaninta, kuma da su za ki yi takara a kan kowane gurbi. In burinki farar mota mai tambari ne da taron bita a otal ɗin Abuja, gara ki cire rai tun yanzu.

Amma lura da abin da girgizar ta tona. Ƙungiyoyin da suka fi shan wuya su ne waɗanda suka rataya a wuyan mai tallafi guda ɗaya, ba su taɓa koyon neman kuɗi a wurin maƙwabtansu ba. Waɗanda suka rage yanzu mai iya samo kuɗi suke nema, musamman na cikin gida. Abin da kika yi a azumi, kika sa mutanen da ba attajirai ba suka yarda suka turo abin da ke hannunsu, akwai waɗanda suka daɗe a ofisoshin manyan ƙungiyoyi ba su iya shi ba.

Ki san inda kuɗin suke da halin kowanne, domin yawancin wahalar masu neman tallafi aika takarda ce inda ba a ba da irin abin da suke nema. Gidauniyar TY Danjuma, da aka kafa a 2009, tana ba ƙungiyoyin cikin gida tallafi a fannin lafiya da ilimi, irinku ke nan in kun yi rajista kuna da lissafi a tsare. Gidauniyar Aliko Dangote ta fi aiki da gwamnatoci da manyan hukumomi. ASR Africa ta Abdul Samad Rabiu ita ce ta ba Jami'ar Ahmadu Bello naira biliyan 1 a 2021, kin ga girman irin waɗanda take hulɗa da su. Ta Tony Elumelu dala 5,000 take ba masu fara kasuwanci, ba ruwanta da kuɗin makarantar maraya. Ofisoshin jakadancin Japan da Kanada suna da ƙananan tallafi na ayyukan al'umma. Kowanne sai an karanta sharaɗinsa layi-layi.

Ni dai in ni ce ke, ba can zan fara ba, a ƙasar Zazzau zan fara. Duk kaka manoman masara a Giwa da Soba da Ikara suna fitar da zakkar hatsi, ɗaya bisa goma ga noman damina, kuma da yawa mudu-mudu ake raba ta a ƙofar gida ta ƙare a kwana biyu, don ba a sami hannun da aka yarda da shi ya tara ta ya kai inda ta fi amfani ba. Ga 'yan kasuwar Sabon Gari. Ga ma'aikatan jami'a da na kwalejoji masu ɗaukar albashi duk wata. Ga tsofaffin ɗaliban Barewa da Alhudahuda da jami'ar kanta, sun watsu a Abuja da Legas da Ingila da Saudiyya, zuciyarsu na Zariya, suna son bayarwa, amma an sha cin su har sun koyi riƙe hannu. Yi wannan lissafin: mutum 200 kowa ya yi alƙawarin naira 2,000 a wata, dubu 400 ke nan, miliyan 4 da dubu 800 a shekara. Ya ninka abin da kika tara a azumi har da ɗoriya, babu sa hannun wani a ƙasar waje da zai tsayar da shi, kuma kuɗi ne da za ku iya yi wa makaranta alƙawari a kansu tun farkon zango. In amana ta kafu, sai ki fara yi wa masu hali maganar wakafi, shago ko gona da hayarsa ko amfaninta za su riƙa ciyar da marayu, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibar. Zakka kuwa ki ba ta littafinta daban. Tana da waɗanda aka ambata mata, ba a cakuɗa ta da sadaka a biya hayar ofis.

Ainihin aikin ba shi da armashi a ido, kuma a nan ne masu zaƙin baki ke gajiya. Ki buɗe littafin masu bayarwa, a kwamfuta ko a takarda: suna, lambar waya, ranar da ya bayar, nawa, don me, kuma yana son a ambace shi ko ba ya so. Wanda ya bayar ya ji godiya kafin kwana biyu. Kada ki koma masa da sabuwar buƙata sai ya ga abin da aka yi da ta farko. Lambobin mutane amana ce, ba a ba wani, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane. Abin da aka bayar don aikin yaro kaza na yaro kaza ne. In kuɗi sun isa ki yi shela cewa sun isa a daina turowa. In sun yi rara, ko Allah Ya karɓi ran mara lafiyar kafin a yi aikin, ki koma wa masu bayarwa ki tambaye su: a mayar muku, ko a ba iyalinsa, ko a yi wa wani? Kusan kowa zai ce a yi wa wani, amma sai kin tambaya.

Sai hotuna, kuma wannan na ci mini rai. Yaron da kika ɗauka yana kuka da tsumma a jiki zai girma, ya shiga makaranta, ya nemi aure a garin nan, hotonsa kuwa yana nan a intanet. Matar da aka ɗauka a gadon asibiti ba mayafi tana da miji da 'ya'ya da surukai. Ki nemi izini a fili, ki rufe fuska, ki sauya suna, ki nuna takardar likita ga wanda ya nemi tabbaci a keɓe. Na san hoton da ya fi ban tausayi shi ya fi kawo alat. Ki haƙura da wannan alat ɗin.

Abin da za ki koya a takarda ba shi da yawa, amma sai kin iya shi sosai. Ki iya rubuta furofozal, wato takardar neman tallafi, da Turanci mai sauƙi wanda ke faɗin mece ce matsalar, mutum nawa ta shafa, me za ku yi, nawa zai ci, da yadda za a gane an yi. Ki iya haɗa kasafi a Excel yadda lissafin da ke cikinsa zai yi daidai da bayanin da ke cikin furofozal, domin a nan ake kama yawancin masu nema. Ki iya rubuta rahoto a kan lokaci. Shafukan intanet na Kaya da NonprofitReady suna da darussa kyauta a kan duk waɗannan. Takardar ƙwarewa ta duniya a wannan fanni, CFRE, sai wanda ya yi shekara 3 yana aikin ke nemanta, da dala kuma ake biya, don haka ba ta yanzu ba ce. Kada ki yi gaggawar digiri na biyu da sunan wannan aikin. Duk wanda kuma ya ce ki biya kuɗin fom ko na rajista zai haɗa ku da tallafin ƙasar waje, ɗan damfara ne, mai bayarwa na gaske ba ya karɓar kuɗi a hannun mai nema.

Abin da darasi ba ya bayarwa shi ne zama kusa da wadda ta iya. A nan Zariya akwai Centre for Girls Education, da ke aikin ilimin 'ya'ya mata a ƙauyukan da ke kewaye, wadda ta yi aiki da masu tallafi irin su asusun Malala. Akwai FOMWAN, haɗaɗɗiyar ƙungiyar mata Musulmi ta Najeriya, da ke nan tun 1985, akwai Red Cross. Ki je da wasiƙa ki nemi aikin sa-kai, ki ce ba rabon kaya kike son a sa ki ba, so kike ki zauna gefen mai rubuta rahoto da mai haɗa kasafi, ko da kwafin takardu za ki riƙa yi musu. Guraben da za ki nema daga baya, a shafukan tallar ayyuka irin su ReliefWeb ko MyJobMag, sukan zo da sunan jami'in kula da tallafi, ko na samo kuɗaɗe, ko na hulɗa da abokan aiki, wani lokacin a haɗe da aikin yaɗa labarai. Ki sa a ranki cewa furofozal da ake ƙi sun fi waɗanda ake karɓa yawa ko a hannun gwanaye. In an ƙi naki, ki rubuta ki gode, ki tambayi dalili.

Koyarwar Samaru kuwa, ki karɓa. Mai riƙe kuɗin jama'a da aljihu wayam yana cikin jarrabawar da bai kamata ya jefa kansa ba, kuma albashin, ko ba yawa, shi zai ba ki ƙarfin cewa a'a ga kashi 10. Zai kwantar wa Baba da hankali, ya bar miki yammaci da Asabar da hutun zango. Ki ba kanki shekara guda, wadda azumi da layya da kaka za su faɗo cikinta. A ƙarshenta ki duba abin da ke hannunki: takardar rajista, akawun na ƙungiya, adadin masu bayarwa duk wata, nawa ne cikin waɗanda suka bayar bara suka sake bayarwa bana, furofozal biyu ko uku da kika aika ko da ba a karɓa ba, da lissafin shekara da odita ya duba. Da waɗannan za ki nemi aiki, ko ki zauna da amintattu a yi maganar albashi na gaske.

Makon nan ki sami shugabanku, ba ke kaɗai ba, ki gaya masa cikin ladabi cewa kin gode da yardar da ya yi miki, ba za ki karɓi kaso ba, kuma ba za a sake turo kuɗi ta akawun ɗinki ba. Ki lura da amsarsa da kyau. In ya yi murna ya ce a fara neman rajista, ki zage ki yi aiki da shi. In ya fara kewaye-kewaye, ya ce rajista ɓata kuɗi ce, ko sa hannun mutum biyu zai jawo jinkiri, ko ai duk mun yarda da juna, to ki miƙa abin da ya rage a hannunki gaban shaidu, a rubuce, ki sanar a duk inda kika taɓa sa lambar akawun ɗinki cewa an daina karɓar taimako ta nan, ki nemi wata ƙungiyar.